Labarin Mutum Mai Rikiɗa A Sinimar Turawa

Tun zamanin da aka fara kawo majigi ƙasar Hausa aka sa masa suna dodon bango. To, ga shi yanzu dodon ya sauko daga bango ya shiga aljihu, gama duk yaron da ke da waya a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa yana iya zuwa wurin mai tura fim a bakin kasuwa a zuba masa abin da ya ke so. A cikin abubuwan da a ke kallo akwai wani iri na Turawa wanda ya kamata malamai da 'yan kasuwa su san labarinsa kafin su yanke masa hukunci, watau labarin mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci idan wata ya cika daren sha huɗu.

Ɗaya daga cikin shahararrun na Turai shi ne wanda kamfanin Hammer na Ingila ya yi cikin 1961, mai suna The Curse of the Werewolf. An kafa labarin a ƙasar Sifen. Wani mai sarauta azzalumi ya jefa wani mabaraci a kurkuku ya manta da shi shekara da shekaru, har mabaracin ya haukace. Daga baya aka jefa wata 'yar aiki bebiya a ɗakin, ya yi mata fin ƙarfi. Ta haifi ɗa ta mutu, wani mutumin kirki ya ɗauki yaron ya rene shi, sunansa Leon. Yaro ya girma, awaki suka yi ta mutuwa a gari, aka ɗora wa wani kare laifi aka harbe shi. Da Leon ya gane shi ne mai ɓarnar, da bakinsa ya roƙi a kashe shi kafin dare ya yi. A ƙarshe uban riƙonsa ya harbe shi da harsashin azurfa. Bayan wannan, cikin 1968, wani ɗan Sifen mai suna Paul Naschy ya fito da nasa, ya kuma maimaita shi sau da yawa har tsufansa, domin mutane ba su gaji da kallo ba.

Mai karatu zai ce, ina daɗin kallon abin tsoro? Amsar tana kasuwa. Idan gardawa suka shigo da kura ɗaure da sarƙa, an sa mata takunkumi, mai tebur kan bar kayansa ya je ya leƙa, har ya ba da kuɗinsa. Tsoron da aka ɗaure da sarƙa abin sha'awa ne. Sai dai wannan labarin ya fi kurar gardi kama zuciya, domin dabbar ba daga daji ta fito ba. Da rana mutum ne mai gaisuwa, mai sana'a, wanda a ke cin tuwo da shi akushi ɗaya. Hausawa ma ba baƙi ba ne a nan, gama tsofaffi sun daɗe suna ba da labarin mayu da masu rikiɗa su zama kura, kuma mutanen Barno suna da irin nasu.

Babu malamin da zai yarda cewa wata ne ke juyar da ɗan Adam dabba, kuma daidai ne a faɗa wa yara haka. Amma wanda ya zauna a garuruwan nan uku ya san dalilin da labarin ke kama mutane. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin dare ɗaya, aka yi daji da su. A watan Yuni na shekarar aka kashe mutane masu yawa a Kadisau ta ƙasar Faskari, Allah ya jiƙansu. Kowa kuwa ya tambayi kansa, wa ya nuna hanya? Cikin Satumba 2021 gwamnatin Katsina ta sa aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, domin a toshe bakin masu kai wa ɓarayi labari. Mutumin da ke maƙwabci da rana, maƙiyi da dare, ba tatsuniya ba ne a can.

Nan ne ya kamata a yi hattara, domin Turawa sun riga sun bi wannan hanya sun ga ƙarshenta. Kafin a yi sinima da ɗaruruwan shekaru, alƙalansu na gaske sun zauna shari'a a kan masu rikiɗa. Cikin 1589, a garin Bedburg na Jamus, aka kama wani manomi mai hali, Peter Stumpp, aka ce shi ke cinye yara da dabbobi. Aka sa shi cikin azaba, ya ce Shaiɗan ne ya ba shi wata ɗamara wadda idan ya ɗaura sai ya zama kyarkeci. Aka kashe shi mummunan kisa, aka haɗa da 'yarsa da wata mata da ya ke zaune da ita. Ɗamarar kuwa an neme ta ba a samu ba.

Almajirin da ya karanta babin shari'a ya san mai ƙara shi ke kawo shaida, kuma iƙirarin da aka ƙwata da duka ba a gina hukunci a kansa. Duk da haka yau kalmar infoma ta zama kamar kalmar maye a da. Mutum ya yi sabon babur, ko an gan shi yana ciniki da Bafillace a kasuwar Sheme, ko yana bin wani bashi mai nauyi, sai raɗa ta tashi, kuma raɗa a wannan lokaci tana iya kai mutum kabari kafin alƙali ya ji sunansa. Masu kai labari suna nan, ba wanda ya musa, kuma wanda aka kama da hujja a miƙa shi ga hukuma ta yi masa abin da ya dace. Amma idan limami ya ji ana kiran sunan wani a ƙofar masallaci, haƙƙi ne a kansa ya tambayi wa ya gani da ido, ɗan kasuwa kuma da ya san cinikin da aka yi a gabansa ya fito ya faɗi tun mutumin yana da rai.