Gujiyar da ke cin hanta

Daga Agye da Gazawa har Gidan Rumji, gujiya ce ke tufatar da talaka. Amma idan aka zuba ta rumbu ba ta gama bushewa ba, sai ta yi hunhuna, hunhunar kuma ta haifar da dafin aflatoksin, wanda masana suka tabbatar yana jawo sankarar hanta. Suya ba ta kashe shi. Ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B kuwa, hatsarin ninkuwa yake yi.

Ɗan kasuwa ya tsince mai kyau ya kai Maraɗi, ruɓaɓɓiyar ta koma hannun mata masu ƙuliƙuli. Wa ke auna ta? Mutanen Tibiri, waɗanda ruwan famfo ya tanƙware ƙafafun ƴaƴansu, sun san tsadar rashin awo.

Tun 2008 Nijar ta sa rigakafin ciwon hanta cikin allurar jarirai. Waɗanda aka haifa kafin nan fa? Wajibi ne malaman gona su koyar da shanya da tsinta, likita ta auna jini ranar kasuwa, ƴan majalisa su ware kuɗin. Gashin sankara sai Yamai, kuma ba kowane manomi ke isa can ba.