Murjani mai rai da zafin Arewa

A kasuwar Dogon Dutsi ko ta Tibiri, in aka ambaci murjani, abin da kowa ya sani shi ne jan dutsen wuya na gado, wanda fatake suka daɗe suna kawowa ta Sahara daga tekun Bahar Rum. Kaɗan ne suka san cewa murjani dabba ce, kuma dutsen da ake hudawa ƙashinta ne kurum. Dabbar tana da dangi masu laushi kamar jemammiyar fata, waɗanda ake kiwo cikin akwatin gilashi a ɗakin baƙi, musamman a Turai da Amurka. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya ga irin wannan akwati a tafiya, ba wuya sha'awa ta kama shi.

Babbar magana ita ce wurin zama. Cikin naman murjani akwai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ke sarrafa haske su ciyar da shi. Saboda haka sai da fitila mai ƙarfi. Amma baƙo ba a ɗora shi kusa da ita ranar farko. Daga ƙasa ake farawa, a riƙa ɗaga shi sannu sannu cikin mako 2 ko 3. Ruwa kuma ya zama yana motsi dare da rana, ba tare da bakin famfo ya dube shi kai tsaye ba. Wanda ake kira Sarcophyton, mai kama da laimar kwaɗi, yakan rufe jikinsa kwanaki ya yi saɓa kamar maciji. Mai garaje sai ya zaci ciwo ne, ya dinga sauya masa wuri, alhali wannan sauyin ne ke galabaita shi.

Ba su da zumunci kuma. Wasu na zuba dafi cikin ruwa don hana maƙwabci girma, shi ya sa ake barin tazara tsakaninsu, a tace ruwan da gawayi na musamman. Xenia na yaɗo kamar kiri-kiri a fadama, sai a keɓe mata dutse nata. Palythoa kuwa dafinta na kai mutum asibiti: ba a taɓa ta sai da safar hannu, ba a kuma dafa dutsen da ta zauna a kai, domin tururin ma dafi ne.

Duk wannan mai sauƙi ne in an kwatanta da abin da ƙasar Arewa ke tanada. Ruwan teku na da gishiri giram 35 cikin kowace lita, kuma gishirin Foga ko balma ba su maye gurbin wanda aka haɗa domin wannan aiki. Murjani na son zafi tsakanin digiri 24 da 27. In ya daɗe sama da 30, sai ya kori tsirran nan, ya yi fari, yunwa ta kashe shi. A Afrilu da Mayu kuwa, inuwa ma tana wuce 40 a Dogon Dutsi. Ga batun lantarki: ba a manta da watan Agusta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar. Famfo in ya tsaya ƴan awoyi, numfashi ya ƙare a akwatin. Dabbobin su kansu galibi daga Indunisiya ake ɗauko su, ba daga gaɓar Kwatano ba.

Wanda sha'awa ta fi ƙarfinsa, to ya fara da faifan hasken rana, da batir, da injin sanyaya ruwa. Ya cika akwatin, ya bar shi yana aiki babu komai ciki tsawon bazara guda, yana auna zafi safe da azahar, kafin ya aika a sayo masa ko da reshe ɗaya.