Wai Dole Sai Saiti?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Magana ce a kan uwar ɗaka, wato ɗakin kwana, da wannan doka da ban san wanda ya kafa ta ba, wadda ta ce wai gado da wadirob da madubi da durowar gefen gado dole su fito daga shago ɗaya, rana ɗaya, launi ɗaya, zane ɗaya, in ba haka ba an yi abin kunya. Ni dai ra'ayina shi ne babu laifi ko kaɗan a haɗa gadon wani zamani da madubin wani zamani a ɗaki guda, kai sau da yawa ma ɗakin da aka haɗa ya fi na saitin kyau da ƙarko, kuma ya fi barin maigida da mahaifin yarinya su yi barci da daddare.

Wasu suna cewa marubuta littattafai da 'yan fim ne suka jawo, don ba a buɗe littafi sai an ga amarya ta shiga wani ɗaki da komai na cikinsa ruwan hoda ne, tun daga labule har takalmin shiga wanka. Ban yarda ba. Gasar jere ta girmi littattafan nan nesa ba kusa ba. Kakanninmu da ƙore suka yi tasu gasar, ana jera su tun daga babba har ƙarama a rufe da faifai. Daga nan tasa ta shigo, sai langa da kumbo da fanteka da samiru, sai tangaran da gilas a cikin kabad, har aka zo kan kuloli. Gado ma haka ya yi ta sauya kama: gadon kara, gadon ƙasa wanda ake sa wa garwashi a ƙarƙashi lokacin hunturu, gadon ƙarfe mai rumfa, gadon bono na kamfanin Vono, sannan da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata tsakanin 1974 da 1975 sai ido ya ƙara buɗewa, ba a daɗe ba aka shiga yayin gadon famika mai madubi da rediyo a ka. To amma a duk waɗannan zamunna ba wanda ya ce sai komai ya zama iri ɗaya. Ku tuna ɗakin kakarku. Gadon ƙarfe ne daga wata ƙasa, a kansa katifar rimi da aka ɗinka a unguwa, an rufa ta da gwado na masaƙan gida, a gefe ga adaka, ga kwanuka masu fure 'yan ƙasar waje, a ƙasa tabarmar kaba. Babu guda biyu da suka fito daga hannu ɗaya, amma in kin shiga sai kin ji ba kya son fita. Haɗa kaya ba sabon abu ba ne a wurinmu, saitin ne baƙo.

Kuma akwai abin da aka manta. Jeren da ba ado ne kawai ba, asusun mace ne. In yaro ya kwanta rashin lafiya, ko maigida ya yi tafiya abinci ya yanke, ko kuma aure ya mutu, sai ta zare fanteka biyu ta ba dillaliya, ta rufa wa kanta asiri ba wanda ya ji. Gobe in ta ɗauki adashi ta mayar da gurbinsu. To ki gaya mini, ta yaya za ki zare durowa ɗaya daga saitin yau ki sayar? Wa zai saya? In kuma gaba ɗaya za ki fitar, dillalai sun san kin matsu, kuɗin da za su taya ko rabin abin da aka kashe ba zai kai ba, ko da wata shida kacal kayan suka yi a ɗaki.

Dalili kuwa a fili yake. Yawancin saitin nan masu sheƙi da ake kira na Dubai ko na Turkiyya ko na Chana, da waɗanda kafintocinmu ke kwaikwaya a nan gida, ba katakon icce ba ne. Garin katako ne ake cakuɗawa da gam a danne shi da inji ya zama allo, shi ne ake kira MDF, sai a liƙa masa fata mai ƙyalli a sama. Yana da santsi, yana karɓar fenti, amma ba ya shiri da ruwa. Ki goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma na shekara guda, ko rufi ya yi yoyo da damina, za ki ga ƙafar wadirob ta kumbura tana ɓarewa kamar burodin da aka tsoma a shayi. Sannan ba ya son a kwance a sake ɗaurawa, domin ramin da noti ya shiga sau ɗaya ba ya sake riƙe shi da ƙarfi. Mu kuwa da yawancinmu gidan haya muke, duk tashi ɗaya sai an kwance gado an loda a kura ko a akori-kura. Tashi uku, gado ya fara kuka. Gadon maɗaci ko na ƙarfe kuwa uwa ta kwanta, 'ya ta kwanta, jika ma ta samu. Wancan kuwa gado ne da ba a cin gadonsa.

Duk da haka shi ake ciwo wa bashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 a farkon wannan shekarar ta haura naira 1,500 a 2024. Allon nan da gam ɗin da marikan ƙofa da madubin, yawancinsu da dala ake shigo da su, don haka kuɗin saiti ya tashi ya bar albashi da amfanin gona a baya. Na san gidan da aka ɗaga biki har sau biyu, ba don ango ya kasa ba, sai don uban yarinya ya sayi gado da katifa masu kyau, kuɗin wadirob da madubi irin na gadon ne ba su cika ba, alhali ga wadirob ɗin yayarta da ta koma Kaduna yana ajiye a shago lafiyarsa ƙalau. Gwaggwanni suka ce atafau ba za a kai 'yarsu da kaya 'yan uba ba. Wata bakwai yarinya tana zaune. Hatta gwamnati ta san gado yana cikin abin da ke tsare aure, shi ya sa tun da aka fara auren zawarawa a Kano a 2012 zamanin Kwankwaso, har zuwa auren mutum 1,800 maza da mata 1,800 da aka ɗaura a watan Oktoban 2023, ba sadaki kaɗai ake biya ba, har da gado da katifa ake haɗawa. Malamai kuma sun sha tunatar da mu abin da aka kai Nana Faɗima, Allah Ya ƙara mata yarda, ɗakinta da shi: mayafi ne da salkar ruwa da matashin fata. Ban ce a koma haka ba, na san ba za a koma ba. Amma wanda ya san wannan bai kamata ya riƙe aure saboda launin durowa ba.

To sai dai kada wata ta ji na ce a haɗa, ta je ta kwaso duk tarkacen da dangi suka gaji da shi ta zuba a ɗaki. Akwai haɗi, akwai kwamacala. Na shiga ɗakunan da kowane abu yake ihu shi kaɗai, gado mai ruwan zinari da kambi kamar karagar sarki, wadirob baƙi wuluk mai layi-layi, madubi fari, labule ja, kafet kore, ka rasa inda za ka ajiye idonka. Wannan kam gara saitin.

Abin da na lura da shi a ɗakunan da haɗinsu ya yi kyau shi ne, abu ɗaya ne ake bari ya zama shugaba, yawanci gado, sauran su bi shi da ladabi. In gadon mai sassaƙa ne da ƙawa, to wadirob ya zama shiru-shiru marar zane. In gadon na zamani ne shafaffe, a nan ne tsohon madubi mai fure-fure ko adakar kaka za su samu wurin fitowa. Launin katako kada ya wuce biyu, mai duhu da mai haske, kuma kowanne ya bayyana aƙalla sau biyu a ɗakin, don kada wani ya zama kamar baƙon da ya ɓata hanya. Sauran aikin na yadi ne. Labule da zanin gado da darduma su ne ke ƙulla zumunci tsakanin kayan da ba su san juna ba, kuma su ne mafi araha, ki shiga Kantin Kwari ki zaɓi launi ɗaya ki maimaita shi a wurare uku, shi ke nan. In tsohon wadirob ya yi nisa da gadon ƙwarai, kafinta zai goge shi ya sake masa fenti, ya cire tsofaffin marikan ya sa irin na durowar gado. Aikin yini biyu ne, kuma mai shigowa ba za ta taɓa ganewa ba sai in ke kika faɗa.

Abin da ya fi launi muhimmanci, wanda kuma masu saiti suka fi faɗawa ramin sa, shi ne girma. Ɗakin haya na yau da kullum ƙafa 12 ne da 12. Gado shida da shida kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan ɗakin. Ki ƙara wadirob mai ƙofa huɗu ko shida, da madubi da kujerarsa, da durowa biyu hagu da dama, sai ki tarar ƙofar wadirob ba ta buɗewa sai ta daki gado, taga ɗaya an toshe ta, wurin shimfiɗa sallaya ma sai an yi dabara. A shago aka ga kayan, inda fili yake kamar filin idi, ba wanda ya je da igiya ya auna ɗakin. Sau nawa 'yan jere suke barin madubi a falo ko a soro don ya ƙi shiga? Mai haɗawa da kanta ba ta da wannan matsala, don ɗaya bayan ɗaya take saye, kowanne daidai gurbinsa. Ta kan lura durowar gefe ta yi daidai da tsayin katifa, ba ta nutse ƙasa ba, ba ta kuma fi kan mai kwanciya ba.

Bari in ɗan tsaya a kan gadon ƙarfe mai rumfa, don na ga an mayar da shi abin dariya, wai gadon ƙauye. A ƙasar da sauro yake kwantar da yara kowace damina, wane gado ne ya zo da wurin rataya gidan sauro tun daga maƙera? Shi ne. Na zamani sai an buga ƙusa a bango an ja igiya ta ratsa ɗaki, shi ya sa mata da yawa suke naɗe gidan sauron su ajiye don kada ya ɓata musu ado. Ƙarƙashinsa a buɗe yake, tsintsiya tana shiga, akwatuna suna samun wuri, iska tana wucewa lokacin bazara. Gadon da aka rufe har ƙasa kuwa, ɓera ya haihu a ciki sai wari ya gaya miki. Kan gadon nan mai soso da aka lulluɓe da yadi ana danna masa maɓallai, in kuɗin cizo ya shige shi sai dai a yage. Gara ba ta cin ƙarfe, hunturu ba ya tsaga shi. Ki kai wa mai walda ya gyara inda ya saki, a kankare tsatsa, a fesa masa baƙi ko fari, ki ajiye shi kusa da shafaffen wadirob na zamani, ki jefa tum-tum na fata guda biyu daga Kasuwar Kurmi a ƙasa. Wallahi na ga irin wannan ɗaki, kuma waɗanda suka zo da niyyar gulma sai tambaya suka koma yi a ina aka samo.

Uwargida ma da ake yi wa amarya, wannan magana ta shafe ta. An saba da zarar an sa ranar maigida sai ta fitar da duk kayanta na maɗaci ta sayar a wulaƙance, ta ciwo bashin saiti don kada amarya ta fi ta. Bayan shekara uku nata da na amaryar duk sun kumbura, wanda ya sayi tsofaffin yana can yana morarsu. Da ta bar gadonta ta sake katifa da labule da madubi, da ɗakin ya koma sabo, sauran kuɗin kuma ta ƙara a jari.

Inda zan ja layi shi ne a kan marainiya da 'yar riƙo. Kada a fake da maganata a tara wa yarinyar da ba ta da mai tsaya mata karyayyun kaya, alhali 'yar gida an yi mata sabo fil. In za a haɗa, a haɗa wa kowa, kuma tsohon da za a sa ya zama mai kyau ne aka zaɓa, ba wanda aka rasa yadda za a yi da shi ba. Katifa da filo kuwa, ko ta wace ce, sababbi za a saya.

Wadda za ta bayar da aikin sabon guda don ya zauna da tsofaffi, ta je da kafintan har gida ya ga kayan da idonsa ya auna ɗakin, kada ta tsaya kwatance ta waya. In da hali a bi shi kasuwar 'yan katako, irin ta Na'ibawa, a ga iccen da zai saya, a tabbatar busasshe ne, domin ɗanyen katako yana shiga hunturun farko zai tsage ya bar ƙofa a karkace. A kuma yi yarjejeniya tun kafin a ba da kuɗin kafin alƙalami cewa bayan wadirob da ƙasan durowa ma katako za a sa, don a nan ne aka fi ɓoye allon banza.