"Yi haƙuri" ba magani ba ne

Iyaye, mu daina toshe bakin yaranmu da "yi haƙuri". Yaro ya dawo daga lakwal ya ce ana kiran sa biri, ana ture shi wajen cin abinci, amsar gida ita ce: "Kai dai yi karatunka, kada ka jawo mana magana, mu baƙi ne." Daga ranar ya gane ba mai jin kukansa, can ko nan. Sai ciwon ciki duk safiyar Litinin, sai fitsarin kwance a shekara 9. Ina ganin irin su a wurin aiki. A auna, a yi gwaji, ba a sami komai ba, don ciwon ba a tumbi yake ba.

Na san tsoron. Uba ya kwana yana dakon kifi a kasuwar Rungis, barci yake lokacin da ake taron iyaye. Uwa na gudun Faransancinta ya ba ta kunya gaban mushe, ga fargabar takardu, ga jita-jitar za a ƙwace yara. Makarantar ma ba kullum take da gaskiya ba. A Poissy, iyayen wani yaro ɗan shekara 15 sun kai kukan tsangwamar da ake masa, sai hukumar ilimi ta Versailles ta aiko musu wasiƙa a Mayun 2023 tana tuna musu hukuncin ƙazafi. Ranar 5 ga Satumba yaron ya kashe kansa. Gabriel Attal, ministan ilimi na lokacin, da bakinsa ya kira wasiƙar abin kunya.

To amma shirunmu wa yake amfana, in ba mai cin zalin ba? Tun 2 ga Maris 2022 tsangwamar ɗalibi laifi ce a dokar Faransa, kuma dokar ba ta ce sai ɗan mai katin zama ba. Lambar 3018 kyauta ce, daga Paris har Lyon. Tun Agustan 2023, a firamare, mai cin zalin ake iya canza wa makaranta, ba wanda ake zalunta ba.

Ƴar'uwa, in ɗanki ya buɗe baki, ki fara da "na yarda da kai". Sannan ki rubuta wa darakta, a rubuce dai, ba hira a bakin ƙofa ba. Ki sa kwanan wata, ki ajiye kwafi. In Faransancin ne matsala, ki ja maƙwabciya ta raka ki.