Shin Ya Kamata A Gwada Talaka Kafin A Ba Shi Tallafi?

 Tun da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, rabon kayan agaji ya zama abin magana a kowace unguwa, daga Talata Mafara zuwa Bakura har Maradun. A shekarar 2023 ɗin ne gwamnati ta ba da sanarwar za ta riƙa ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 kowane wata har wata 3. Na sha jin manya suna cewa wasu daga cikin masu karɓar irin wannan kuɗi ƙwaya suke saya da shi, saboda haka ya kamata a gwada fitsarin kowa kafin a ba shi, wanda aka samu da kayan maye a jikinsa a soke sunansa. Ni kuwa a nawa ra'ayi wannan shawara ba za ta haifa mana ɗa mai ido ba, kuma ga dalilaina.

Da farko dai, masu wannan magana suna da hujja, ba za a ƙi ta ba. Shaye-shaye ya yi mana mugun ta'adi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda. A Arewa maso Yamma kaɗai wajen mutum miliyan 3 ne. A shekarar kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kowa ya san wiwi da Tramadol da sholisho ba baƙi ba ne a tashoshin motarmu. Wanda ya ce kada kuɗin jama'a ya tafi hannun dillalin ƙwaya, gaskiya ya faɗa. Abin tambaya shi ne, gwaji ne zai hana?

Wasu sun riga mu gwada wannan hanya, bari mu duba yadda suka ƙare. A Amurka, Jihar Fulorida ta kafa doka a 2011 cewa duk mai neman kuɗin taimakon iyali sai an gwada shi. Shi zai biya kuɗin gwajin, in ya tsira a mayar masa. Cikin wata 4 aka gwada mutum 4,086, amma 108 kawai aka samu da kayan maye, wato ƙasa da 3 cikin 100. Kuɗin da jihar ta mayar wa waɗanda suka tsira ya haura dala 118,000, ya zarce abin da ta tsimi daga hana waɗancan 108. Kotu ta dakatar da dokar a watan Oktoba na 2011, ta soke ta a ƙarshen 2013, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da sokewar a 2014. Hujjar alƙalai ita ce talauci ba dalili ne na zargin mutum ba. To, jama'a, in ƙasa mai arziki ta yi asara a wannan ciniki, mu da asibitocinmu ke neman magani fa? Ai an yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Dalili na biyu, gwajin kansa ba ya faɗin duk gaskiya. Abin da yake nunawa shi ne akwai ɓurɓushin wani magani a fitsari, ba ya faɗin dalilin shansa. Likita yakan rubuta Tramadol ko kodin ga mai ciwon sikila, ko wanda ya karye, ko wanda aka yi wa aiki. Irin wannan bawan Allah in an gwada shi za a ce mashayi ne. Shi kuwa mai shaƙar sholisho zai wuce salin-alin, domin gwajin fitsari na yau da kullum ba ya kama shi. Kodin yana barin jiki cikin 'yan kwanaki, saboda haka mashayi mai wayo in ya ji ranar gwaji sai ya yi haƙurin mako guda. Ashe taru ne mai kama ƙananan kifi, manya su ɓulle.

Dalili na uku shi ne ya fi damuna. Wa ke cin tallafin? Buhun gero ko shinkafa in ya shiga gida, ba maigida kaɗai ke ci ba. Akwai matarsa, akwai 'ya'yansa, akwai tsohuwarsa. In an soke sunan uba don ya sha ƙwaya, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba shi zai kwana da yunwa, gobe ya fasa zuwa makaranta ya tafi bara ko dako a tasha, inda masu sayar da ƙwayar suke jiransa. Ko dokar Fulorida, duk da tsananinta, ta yarda wani ya karɓi rabon yara a madadin uban da ya faɗi gwaji. Mu kuma duba ko su wane ne ke tsayawa a layin rabo a ƙasarmu. Da yawansu matan da aka kashe wa mazaje ne, da marayu, da tsofaffi, da manoman da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu suka gudo cikin gari. A ce wa tsohuwa sa'ar kakata ta kawo fitsarinta a kwalba kafin a ba ta tiya biyu ta masara? Wannan cin mutunci ne. Mata masu kunya da yawa za su gwammace yunwa da wannan tozarci, alhali kuwa su aka fi nufi da taimakon.

In kuwa lalle sai an yi gwaji, to a fara daga sama. A Kano an gwada masu neman kujerun ƙananan hukumomi kafin zaɓen 2021, kuma an sami wasu da kayan maye a jikinsu. Wannan ya fi ma'ana, domin wanda zai riƙe baitulmali da direban da zai ɗauki rayuka a mota sun fi mai karɓar mudun hatsi haɗari in hankalinsu ya gushe. Amma sai ka ga mai kiran a gwada talaka ba ya kiran a gwada shi. Dama wanzami ba ya son jarfa.

To mene ne abin yi? Na farko, inda aka san maigida mashayi ne, a danƙa tallafin a hannun uwargida, ko a ba da shi hatsi maimakon kuɗi. Mai unguwa da limami sun san kowane gida fiye da yadda kwalbar gwaji za ta sani, kuma Hukumar Zakka da Wakafi ta jiharmu za ta iya aiki da su. Na biyu, a matsa wa masu sayarwa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa tun 1989, ta sa ido ga shagunan magani da masu talla a ranakun kasuwa, mu kuma mu daina ɓoye su don 'yan garinmu ne. Na uku, kuɗin da za a kashe wajen gwada dubban mutanen da ba su da laifi a buɗe da shi ɗakin kula da mashaya a manyan asibitocin Mafara da Bakura da Maradun, don kada kowa sai ya ɗauki ɗansa har Kware a Jihar Sakkwato. Mashayi majinyaci ne, kuma ba a warkar da majinyaci da yunwa. Na huɗu, a ba samari aiki. Ga madatsar ruwa ta Bakolori a bakin ƙofarmu tun 1978. In an kula da hanyoyin ruwanta, aka ba matasa fili da taki da iri, aka tsare musu hanyar gona, noman rani zai ɗebe da yawansu daga zaman banza.

Mu kuma ɗalibai, namu aikin shi ne mu ƙi karɓar ƙwaya daga hannun aboki, ko da ya ce tana sa karatu ko ƙarfin aiki. Iyayenmu kuwa ina roƙonku, in kun ga alama ga ɗanku kada ku kore shi, ku kai shi ga likita tun da wuri. A yaƙi ƙwaya da dukan ƙarfi, amma kada a yaƙe ta da cikin yaro. Allah ya shirye mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.