Inda Mai Ya Ɗiga Ba Nan Ya Fito Ba

Hutun da ya wuce mun kwashe kwana biyu muna fama da tsohuwar akori-kurar kawunmu, wadda yake kai masara kasuwar Dawanau da ita. Kullum da safe sai a tarar da tabon baƙin mai a inda ta kwana, kuma duk mako sai an ƙara mata mai. Wani makanike ya leƙa ƙasa, ya ga yana ɗiga daga mahaɗar inji da giya, nan take ya ce sil ɗin baya ne ya mutu, dole a sauke giya gaba ɗaya. Kawu ya ji kuɗin aikin, ya yi shiru. Ga shi lokacin kaka, motar ita ce abincin gida.

Abin da ya sa muka roƙe shi ya dakata, darasi ne da ku ma kun yi shi a aji: ruwa gangara yake bi. Baƙin mai ma haka. Idan ya tsiyayo daga sama, jikin inji zai bi har ƙasa, kuma iskar fanka da ta gudu su riƙa tura shi baya. Don haka mahaɗar nan ta giya matattara ce kawai, kusan kowane yoyo can yake ƙarewa.

Da farko muka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Digon da muka gani baƙi ne mai santsi. Man giya ya fi kauri, ga wari mai hawa kai, na sitiyari kuma sau da yawa ja ne. Mun tabbata na inji ne.

Sai babban aikin, wanda kowa ke gudu: wanki. Ƙurar shekaru ta cakuɗe da mai ta zama laka, ba abin da ido zai gane. Da injin ya huce muka wanke shi tas, muka lulluɓe kayan lantarki da leda, muka bari ya bushe. Sannan muka barbaɗa hoda a wuraren da ake zargi. E, hodar shafawa ta ƙanwarmu, har yanzu ba ta yafe mana ba. Kawu ya tada mota na minti 15, ya kashe, muka bi da tocila muna neman wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Filta a bushe. Notin juye mai a bushe. Amma can bayan murfin saman inji, ga wani siririn layi baƙi ya ratsa farar hodar. Gasket ɗin ya tsufa ya ƙandare.

A kula, hannu ba ya zuwa kusa da fanka ko bel inji na aiki, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya tallafe.

Makaniken bai ji haushi ba. Shi ne ma ya ƙara mana wani abu: ya zare tiyon da inji ke shaƙatawa ta cikinsa, ya nuna mana ya toshe. Idan hayaƙin ciki ya rasa mafita, shi ke tunkuɗo mai ta duk inda ya samu rauni, sabon gasket ma ba zai daɗe ba. Ya wanke tiyon, ya canza gasket, aikin bai kai awa ɗaya ba. Da daddare muka sake shimfiɗa sabon kwali, kawu da kansa ya riga mu zuwa dubawa bayan asuba.