MARI BA MAGANI BA NE

Maigida da uwargida, a kasa kunne.

Yau babu garin da shaye-shaye bai shiga ba. Yaron da ya kamata ya riƙe garma, ga shi can gindin bishiya, tiramol ko kodin ko sholisho sun kwantar da shi. Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shan ƙwaya a Nijeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce.

To, uban da ɗansa ya kamu, ina zai kai shi? Akwai asibitocin masu taɓin hankali a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Amma daga ƙauye, ga kuɗin mota, ga na gado, ga na magani, ga abincin mai jinya. Kafin a sallami yaro, an sayar da bijimi da buhunan gero. Shi ya sa talaka ke kai ɗansa gidan mari. Kun tuna abin da aka gani a Rigasa a 2019: 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya.

Jama'a, shaye-shaye ciwo ne. Wanda jikinsa ya saba da ƙwaya, in ya bari farat ɗaya, sai gumi da amai da gudawa da rashin barci. Wannan aikin likita ne. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma hani bai warkar da wanda ya riga ya kamu ba.

Abin da muke nema uku ne. Na ɗaya, ma'aikacin lafiya da aka koya wa wannan aiki a ɗakin shan magani na kowace mazaɓa. Na biyu, gadaje a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, a kan kuɗin da manomi zai iya biya. Na uku, sana'a ga wanda aka sallama, don zaman banza ne ke mai da shi ruwa. Kada a ce muku babu kuɗi: dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiyar talaka.

Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi waɗannan uku a bainar jama'a. Wanda kuwa ya raba wa 'ya'yanku ƙwaya don su yi masa bangar siyasa, alhali nasa na makaranta, ku juya masa baya ranar zaɓe. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya shirya mana zuriya, amin.